Zuciyar Abbanmu ta tsaya an dawo da ita da shokin, yanzu likita ya ce a jira wata uku

Ummu Safwan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara wlh kaina ya kulle. Abbanmu ne, shekararsa 63, yana da hawan jini da suga tun da daɗewa. Yau kwana 16 kenan bayan isha'i ya ce ƙirjinsa ya riƙe kamar an ɗora masa buhun siminti, ga gumi ga amai, mu duk mun ɗauka olsarsa ce ta tashi har Umma ta dama masa madara aka ba shi maganin olsa, sai da abu ya ƙi wajen sha ɗayan dare sannan aka kai shi asibiti. Suka yi masa isiji, wato awon bugun zuciya a takarda, suka ɗebi jini suka ce jijiyar zuciya ce ta toshe, aka yi masa wata allura mai tsada ta narkar da gudan jini. Wajen asuba ina zaune a bakin ƙofa kawai na ji na'urar da aka jona masa ta hau ƙara, nas suka yo gudu aka kore mu, ina leƙe ta labule na ga ana danna masa ƙirji aka ɗora masa wasu abubuwa guda biyu aka ba shi shokin har jikinsa ya zabura, sau biyu aka yi. Daga baya likita ya ce zuciyar ce ta daina bugawa tana karkarwa kawai, wai da a gida ne da sai dai labari. Alhamdulillah ya tashi, an sallame mu kwana 6 da suka wuce da magani har kala bakwai. Sun yi masa eko, wato hoton zuciya, sun ce ƙarfin zuciyar 30 ne, wai a dawo bayan wata uku a sake sannan a san ko za a sa masa batir, wato 'yar na'urar da ake dasawa a ƙirji ta ba da shokin da kanta in bugun ya rikice. Yayanmu kuma ya ce shi bai yarda ba, mutum zuciyarsa ta tsaya sau ɗaya a ce a jira wata uku, gara a sayar da fili a fita da shi Masar a sa batirin yanzu. Gida ya rabu biyu. Ni ko barci ba na yi, cikin dare sai na je na kara kunne na ji ko yana numfashi.

Baban Iman:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne.

Ɗan Kwari:
Amin. Ni dai ina bayan yayanku ɗari bisa ɗari. In da hali a fita da shi kawai, jiran me? Likitocinmu in ba su da kayan aiki ba za su ce maka babu ba sai su ce a jira. Fili ai ana sake saye, uba fa?

Anti Nas:
Ɗan Kwari a yi a hankali dai. Ni shekara 11 ina aiki a ɗakin masu ciwon zuciya, wannan jiran da aka ce ba rashin kayan aiki ba ne, ko Landan ka kai shi abin da za su faɗa maka kenan. Ummu Safwan ki turo sunayen magungunan mu gani, kuma ki faɗa min yana shan su daidai ko kuwa yana irin na dattawanmu, a karɓa a ce to a tura ƙarƙashin filo.

Ummu Safwan:
Anti akwai Vasoprin, akwai kulofidogirel, atobastatin, Concor, lisinofuril, Lasix, sai na suga. Yana sha amma kullum sai an yi daga, ya ce wannan Concor ɗin kasala yake sa shi, da muka auna da na'urar hawan jini bugun ya nuna 58 ƙanwar Umma ta ce ai wannan zuciyar ta kusa tsayawa a daina ba shi.

Anti Nas:
La ila, kar ku kuskura. Wannan ƙwayar da ƙanwar Umma ke so a daina tana cikin manyan masu tsare shi daga irin abin da kika gani da asubar nan. Aikinta kenan ta kwantar da bugun. 58 ba matsala ba ce in dai ba jiri yake ji ko duhu-duhu ba, in ya sauka ƙasa da 50 ko yana jin zai faɗi to a kira likitansa ya duba adadin, amma a yanke shi rana ɗaya haɗari ne babba, zuciyar sai ta zabura fiye da da.

Dakta Aliyu:
Slm, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ga takardunsa ba don haka maganar likitansa ita ce gaba, amma bari in warware wani abu da ke rikita mutane, mu da Hausa komai bugun zuciya muke cewa, a rediyo ma ka ji wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, alhali abu biyu ne. Ki ɗauka kamar mota, akwai layin mai akwai layin wuta. Abin da ya fara samun Baba layin mai ne, jijiyar da ke kai wa naman zuciya jini ta toshe, wajen ya fara mutuwa. Abin da kika gani da asuba kuma aikin rewaya ne, naman da ya rasa jini ya rikita wutar da ke sa zuciya bugawa, maimakon ta matse ta saki sai ta koma karkarwa, jini ba ya zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙoƙi mutum ya faɗi. Shokin ɗin nan kashe wutar yake gaba ɗaya don ta sake tashi a kan tsari.

To ga inda maganar take. Likitoci suna kallon yaushe rikicewar ta faru. In cikin awa 48 na farko ce, kamar ta Baba, ana ɗaukarta a matsayin zafin toshewar ce ta kawo ta, lokacin haɗarin yana kwanakin asibiti ne, wanda ya tsallake ya koma gida ba a cewa don wannan kaɗai dole a sa masa batir. In kuwa bayan kwana biyu ta zo, ko bayan an koma gida, wannan wata magana ce daban, galibi tabon da ya zauna a naman ne wuta ke ta zagayawa a gefensa kamar ɗan adaidaita da ya rasa mafita a shataletale, kuma tabo ba ya tafiya, shi ya sa mai irin wannan ba a yi masa dogon jira.

Ummu Safwan:
Dakta na gode wlh yanzu na fara ganewa. To shi 30 ɗin fa? Cikin ɗari ne? Don Yaya ya ce kashi 70 na zuciyar ya mutu kenan.

Dakta Aliyu:
A'a ba haka lissafin yake ba. Ana auna kashi nawa na jinin da ke cikin babban ɗakin hagu zuciya ke turawa a bugu ɗaya, mai lafiya ƙalau ma 50 zuwa 70 yake turawa, ba wanda ke 100. 30 ya yi ƙasa ba zan ɓoye miki ba, amma awon da aka yi a satin farko ba shi ne na ƙarshe ba, wani ɓangare na naman suma ya yi ba mutuwa ba, da magani da lokaci yana farfaɗowa. Akwai waɗanda ke tashi daga 30 zuwa 40 ko fiye. In an sake eko ya haura 35 galibi ba ya buƙatar batirin, in ya tsaya a 35 ko ƙasa to lokacin maganar batir ta taso da hujja.

Abu Hanif:
Salamu alaikum. Ni ne yayan da ake magana, ashe har nan aka kawo ni ƙara. Dakta da girmanka, ni fa ba jayayya nake ba, tambaya ɗaya gare ni. A wata ukun nan in ta sake tsayawa yana ɗakinsa ƙarfe ukun dare, wa zai ba shi shokin? Ni ko ita? Ka ce min haɗarin ya wuce in haƙura.

Ummu Safwan:
Yaya ba ƙara na kawo ba wlh, shawara nake nema.

Dakta Aliyu:
Malam Abu Hanif tambayarka ita ce tambayar, kuma ba zan ce maka haɗari ya wuce ba don ƙarya ce. Asali ma watan farko shi ne mafi haɗari. Akwai babban bincike da ake kira VALIANT na mutum sama da 14,000 da zuciyarsu ta yi rauni bayan toshewar jijiya, sakamakon da ya fito a 2005 ya nuna a watan farko kashi 1.4 cikin ɗari ne ke mutuwar farat ɗaya ko zuciyarsu ta tsaya a ceto su, bayan shekara biyu kuwa ya sauka zuwa 0.14 a wata. Ka ga ninki goma. To kowa sai ya ce ai sai a sa batir da wuri, likitoci ma haka suka yi tunani, suka gwada. A 2004 aka fitar da binciken DINAMIT, mutum 674 masu raunin zuciya, rabi aka sa musu batir tsakanin kwana 6 zuwa 40 bayan abin ya same su, rabi magani kaɗai. Mutuwa ta rikicewar bugu ta ragu a masu batir, amma mutuwa ta wasu hanyoyin ta ƙaru, da aka haɗa jimilla ba bambanci. Aka sake wani a Turai ya fito a 2009 mai suna IRIS, amsa ɗaya. Amma wanda aka yi wa waɗanda ciwon ya daɗe da samunsu, MADIT II na 2002, masu ƙarfin zuciya 30 ko ƙasa, batir ya rage mutuwa da kashi 31 cikin ɗari. Daga nan ƙa'idar ta samo asali, a jira aƙalla kwana 40, in kuma an buɗe jijiyar da aiki a jira kwana 90. Ko ka kai shi Alƙahira yau likitan kirki wannan zai faɗa maka, wanda ya karɓi kuɗinka ya sa ba tare da wani dalili na daban ba shi ne abin tsoro.

Ɗan Kwari:
To ni dai turancin bincike ban iya ba, amma na san mutum biyu da aka fitar suka dawo garau.

Dakta Aliyu:
Ɗan Kwari ba na musu, kuma akwai inda nake bayan Abu Hanif. Ummu Safwan ta ce allurar narkar da jini aka yi, ban ji ta ce an zura waya an ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar ba. In ba a yi ba wannan shi ne abin da za ku tambayi likitansa gobe-goben nan ba sai wata uku ba, don allura tana narkar da gudan jini amma ƙuncin jijiyar yana nan, wataƙila yana buƙatar a buɗe a sa masa ɗan ƙarfen da ke riƙe ta. Ana yin wannan a Abuja da Legas da wasu wuraren a nan gida. In kuɗin fili za a kashe to nan ya fi cancanta a fara. Hawa jirgi kuma ga wanda zuciyarsa ta tsaya sati biyu da suka wuce sai likita ya sa hannu.

Abu Hanif:
Ba a yi ba gaskiya. Sun ambata ranar sallama amma ni hankalina na kan batir. To wannan na ji.

Maman Walid:
Ina ta karantawa ina hawaye. Ummu Safwan ƙanwata ki riƙe maganar Anti Nas da hannu biyu. Maigidana shekara huɗu kenan, irin wannan ciwon ne, an sallame shi ya yi kyau har ya koma kasuwa, sai ya ce shi ya warke magungunan nan suna kashe masa jiki, wani abokinsa ya kawo masa na gargajiya a jarka ya ajiye na asibiti, ban sani ba sai bayan rasuwarsa na ga kwalayen cike a durowa. Kwana 25 da sallama yana alwalar magariba ya kife. Da na fito yana wani irin jan numfashi kamar minshari, jikinsa ya ɗan karkatsa, maƙwabta suka taru wani na zuba ruwa wani na cewa a kawo albasa, wata tsohuwa ta ce gargara ce a yi masa kalimar shahada. Ba wanda ya taɓa ƙirjinsa, ni ma ban san ana yi ba. Na san kwana ne ya ƙare amma har yau abin na cina.

Baban Iman:
Allahu akbar. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari.

Malam Na-Tudu:
Allah ya gafarta masa. Hajiya kar ki ɗora wa kanki, abin da ba ki sani ba ba a kama ki da shi, ajali kuma ba ya gaba ba ya baya. Sai dai jama'a mu daina fakewa da ƙaddara muna barin sababi, wanda ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali ai ya fi mu sanin ƙaddara. A yi addu'a a sha zamzam a sha habbatus sauda, a kuma haɗiyi ƙwayar likita, ba su da gaba da juna.

Anti Nas:
Maman Walid sannu, Allah ya ƙara haƙuri. Wannan numfashin da kika kwatanta shi ne yake yaudarar mutane, ana ganinsa a mintunan farko bayan zuciya ta tsaya, ba numfashin gaske ba ne, kuma lokacin ne ma ake da damar ceto. Abu Hanif ka ce wa zai ba shi shokin, ba ku da na'ura amma kuna da hannu. In ya faɗi an kira shi an girgiza shi bai amsa ba kuma numfashin ba daidai ba, a sauko da shi ƙasa kan siminti ba kan katifa ba, a ɗora tudun tafin hannu a tsakiyar ƙirji ɗaya kan ɗaya, a miƙe gwiwar hannu a danna da nauyin jiki ya shiga kamar santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa, ba tsayawa, in mutum ya gaji bayan minti biyu wani ya karɓa, wani kuma na neman mota. Ko kun ji haƙarƙari ya yi ƙas kar ku tsaya, ƙashi na warkewa. Dannawar ba ta cika dawo da bugun ba, tura jini take zuwa ƙwaƙwalwa har a kai inda shokin yake, in ba a yi komai ba duk minti ɗaya damar tashi na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Kuma ku san tun yanzu wane asibiti ne kusa da ku yake da na'urar shokin mai aiki, ba kowanne ba ne. Kowa a gidan ya koya har Umma, ku ce nas ɗin can su nuna muku a kan filo ma ana koya.

Sarkin Ƙwallo:
Wannan gaskiya ne, duk wanda ya kalli wasan Denmak da Finlan ranar 12 ga Yuni 2021 ya gani da idonsa. Eriksen ya kife ba wanda ya taɓa shi, nan take aka hau danna ƙirji aka ba shi shokin a cikin fili ya dawo. Aka sa masa batirin, Italiya dokarsu ba ta yarda mai shi ya buga ba ya bar Inter, Brentford suka ɗauke shi a farkon 2022 daga nan Man U. Mutumin da zuciyarsa ta tsaya fa. Muamba na Bolton a 2012 minti 78 zuciyarsa ba ta aiki da kanta kuma yana nan da ransa. Mu kuwa Okwaraji ya faɗi a filin Surulere 1989 wasanmu da Angola, Foe na Kamaru ya faɗi a Liyon 2003, duk ba su tashi ba.

Dakta Aliyu:
Sarkin Ƙwallo misalinka ya yi ta wajen saurin ceto, sai dai 'yan ƙwallon nan yawanci ba toshewar jijiya irin ta dattawa ba ce, Foe alal misali kaurin naman zuciya aka samu. Shi Eriksen zuciyarsa ta tsaya ba tare da wani dalilin da za a ce ya wuce ba shi ya sa aka sa masa nan da nan, kar Abu Hanif ya ce to ga shi.

Abu Hanif:
Hhhh Dakta ka riga ni, har na fara rubutawa.

Hajiyar Fagge:
Ni akwai saƙon da aka turo min a WhatsApp wai in mutum ya ji zuciyarsa za ta tsaya ya riƙa tari da ƙarfi yana jan numfashi zai ceci kansa, an ce a tura wa mutum goma. Gaskiya ne?

Anti Nas:
Hajiya ki goge shi kar ki tura. Saƙon nan ya fi shekara ashirin yana yawo. Wanda zuciyarsa ta tsaya cikin daƙiƙoƙi yake sumewa ina ya ga tari, wanda kuma ƙirji ke ciwo yana zaune yana tari lokaci kawai yake ɓatawa. Abin yi a tafi asibiti nan take, in ba ya da matsala da asfirin kuma ba ya zubar jini ya tauna miligiram 300 a hanya. Kuma masu suga a kula, nasu ba lallai ya zo da ciwo mai tsanani ba, wani ƙwarnafi kawai zai ji da gumi da kasala a ce olsa, kamar yadda ya faru da Baba.

Bagobiri:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Ni tambayata ga lokotoro, tsohona shi ma ya yi wanga ciwo bara, yanzu kullum yana cewa gabanshi na faɗuwa, kamar zuciyar ta tsallake guda ta dawo da ƙarfi. Munka tai likita anka yi mishi gwaji anka ce ƙarin bugu ne ba a ba shi wani sabon magani ba. Shin babu maganin da ka kashe wanga tsallake gaba ɗai?

Dakta Aliyu:
Bagobiri akwai, kuma labarinsa darasi ne a wajenmu. A shekarun 1980 likitoci a Amurka sun lura masu yawan irin wannan tsallaken bayan ciwon zuciya sun fi mutuwa, sai aka riƙa ba su magungunan da ke share shi, isiji ya yi kyau kowa na murna. Da aka zo aka gwada da gaske a binciken CAST, a 1989 dole aka dakatar da magunguna biyu, enkainid da fulekainid, don masu shan su sun fi masu shan ƙwayar banza mutuwa nesa ba kusa ba. Takarda ta yi kyau mutum ya tafi. Tun daga nan ba a bin tsallake da magani haka kawai ga mai tabo a zuciya. Lokotoronku bai yi kuskure ba, amma a tabbata an yi eko an san ƙarfin zuciyar, in kuma faɗuwar gaban na zuwa a jere da sauri tare da jiri ko suma to ranar a koma, kar a kwana.

Baƙon Jamus:
Ina aikin jinya a nan Jamus. Abin da zan ƙara, a nan akwai wata riga mai shokin da ake ba wasu su sa a watannin jiran, amma ko ita gwajin da aka yi a 2018 bai nuna ta rage mutuwar farat ɗaya a fili ba, mutane da yawa ma cire ta suke. Abin da na ga ya fi yi musu aiki shi ne na'urar shokin a ko'ina, tashar jirgi, kanti, makaranta, kuma tana magana tana gaya maka abin yi. Ta farko da wani likita Pantridge ya haɗa a Belfas a 1965 kilo 70 ce da batirin mota take aiki, yanzu ta koma kamar jakar hannu. Ni da masu hali za su sa guda a manyan masallatan Juma'a da kasuwanni a koya wa 'yan agaji da an ga amfani.

Ɗan Kwari:
Wannan kam magana ce, a kasuwarmu an sha ganin mutum ya faɗi sai dai a yi ta fifita.

Anti Nas:
Ummu Safwan saura abu ɗaya da na manta, ki tsare shi daga kemis. Mai irin wannan ba ya shan daikulofenak ko ibufurofen don ciwon gwiwa, farasitamol ya isa. In zazzaɓi ya kama shi kar a je a ce a haɗo, wasu magungunan maleriya irin su kwinin da wasu na kashe ƙwayar cuta irin su eritiromaisin suna taɓa wutar zuciya, a faɗa wa duk mai rubuta magani abin da ke akwai. Lasix ɗin nan kuma yana zubar da sinadarin fotasiyam ta fitsari, in ya yi ƙasa shi kansa yana tayar da rikicewar bugu, lisinofuril kuma ɗaga shi yake, shi ya sa sai an auna jini ake sanin inda aka tsaya, balle in ya yi gudawa ko amai. Sigari in yana sha an gama, goro a rage. Sai wata magana da ba ke za ki yi masa ba, Abu Hanif kai ne namiji, maganin ƙarfin maza na bature ko na mai jarka kar ya kusance shi sai da sanin likita, in ya haɗu da ƙwayar ciwon ƙirji ta ƙarƙashin harshe jini faɗuwa yake warwas.

Abu Hanif:
Anti wannan aikin kin ba ni mai wuya, ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Zan tura amininsa.

Malam Na-Tudu:
Azumin nafila ma a ce ya dakata, na san dattawa da Litinin da Alhamis. Masu dubiya kuma a rage musu zama, mara lafiya na son barci ana ta shigowa ana ba shi labarin waɗanda irin ciwon ya kashe.

Ummu Safwan:
Malam kamar kana gidan wlh, jiya wani ya zauna awa biyu yana lissafo masa matattu.

Ummu Safwan:
Slm jama'a na dawo da bayani. Yau da safe muka koma ni da Yaya, an auna jini fotasiyam ɗin ya ɗan yi ƙasa, likita ya rage Lasix ya ƙara wata ƙwaya sifironolakton ya ce a sake awo bayan sati ɗaya, Concor kuma ya ce a ci gaba a yadda yake. Ya rubuta mana takardar zuwa ɗaukar hoton jijiyoyin, ya ce tun ranar sallama ya faɗa mu ne ba mu ji ba. Wata nas ta nuna mana dannar ƙirjin, da muka dawo na tara su Umma da yaran gida muka yi a kan filon kujera, Abba na kallonmu yana cewa wato har kun fara gwajin gawata. Yaya bai janye maganar Masar ba ya ce in an sake eko bai haura 35 ba ranar zai nemi biza.

Abu Hanif:
Kuma filin ban fasa sa shi a kasuwa ba, ko hoton jijiyar ai ba kyauta ba ne.

Dakta Aliyu:
Hakan ya yi. Sifironolakton da lisinofuril in sun haɗu fotasiyam na iya haurawa sama kuma, don haka awon sati ɗayan nan kar a tsallake shi ko da ya ce ya gaji da huda.

Ummu Safwan:
In sha Allah. Anti Nas tambaya ta ƙarshe, ya matsa sai ya koma masallaci jam'i, tafiyar kamar minti biyar ce daga gida, a bar shi?

Anti Nas:
In likitansa ya yarda a bar shi, tafiya a hankali ma ana so, amma ba shi kaɗai ba, a haɗa shi da wanda ya koyi dannawar kuma da waya a aljihu. Ta asuba dai ya ɗan ƙara haƙuri ya yi a gida tukuna.